Fiton Gidanmu

Na so in bar wannan labarin a cikina. Ni da na saba ba mutane dariya da labarin hanyar Agadas da Legas, ban san yadda ake ba da irin wannan ba.

A gidanmu nan Daura, asma gado ce. Mu fito muke ce mata, saboda ƙarar da ƙirji ke yi. Babanmu ya yi ta yana yaro, ni ma na yi, dukanmu muna girma ta sake mu. Shi ya sa da jikata, 'yar babbar 'yata, ta fara, har dariya muka yi. Na ɗauke ta na ce, "Amarya, ba ki ɗauko kyauna ba sai ƙirjina?" Da ta iya magana takan ce, "Tafi can, tsoho, na fi ka iya fito."

Likita ya gaya wa uwarta cewa abin yana bin jini, amma ba lallai ya zo wa kowa iri ɗaya ba. Ya ba ta abin shaƙa, ya ce kada ya rabu da yarinyar. To, amma ga ni ina yawo garau. Duk wanda ya ga uwar ta damu sai ya nuna ni: "Dubi kakanta, har Makka ya je da ƙirjin nan."

Da lokacin kaka ya yi, suka tafi da yarinyar Sandamu wajen dangin ubanta, ana sussukar gero. Aka manta abin shaƙan a Daura, ba wanda ya ga dalilin komawa. Da hantsi tana wasa kusa da masu sheƙa, ƙaiƙayi na tashi, numfashinta ya sarƙe. Suka ba ta zuma, suna cewa yanzu zai faɗa, ai na kakanta ne. Kafin a samu mota a kawo ta gari, Allah ya karɓi abarsa. Shekararta shida.

Ina Kano aka kira ni. Ban san yadda na iso gida ba.

Bayan an share makoki, ƙaramar 'yata, mai tsohon ciki, ta kawo mini fura a zaure. Maimakon ta koma ciki sai ta durƙusa, hannunta a kan cikinta.

Ta ce, "Baba, wannan ma zai zo da fiton?"