Burodin da Asiya Ta Tsinta a Fili

A Makka ba a haɗa burodi da shara. Ko gidan da ba a damu da komai ba, ragowar burodi sai an ƙulle shi a leda daban, a rataye a jikin durom ɗin shara ko a ɗora kan katanga, don ni'ima ce, ba a wulaƙanta ta. Da irin wannan leda Asiya ta ci, ta sha, har ta aurar da 'ya.

A unguwar Nakkasa, nan cikin Makka, aka haife ta. Iyayenta mutanen Damagaram ne da suka biyo ta Sudan suka zo hajji, ba su koma ba, takardar zama kuwa ba ta taɓa daidaita a hannunta ba. Da aka rushe layinsu ta kama ɗaki a bayan unguwar Zahir, ta ci gaba da sana'ar uwarta. Takan bi unguwa da tsohon keken jarirai tana tattara ledojin, ta kai wani fili a gindin dutse ta shanya kan kwalaye. Ranar Makka ba ta wasa, kafin la'asar burodin ya bushe ƙarau. Sai ta miƙe ƙafa ta tsince, mai fumfuna gefe, guntun leda gefe, mai kyau cikin buhu.

Mai sayen kayanta ɗaya ne, wani Balarabe mai suna Turki, mai garken tumaki a hanyar Arfa, da burodin yake ciyar da su. Ubansa ma a hannun uwarta yake saye. Buhun sauran mata Turki sai ya zazzage shi a ƙasa ya bi da sanda, amma na Asiya ko bakinsa bai taɓa kwancewa ba, ɗauka yake ya jefa a mota. Ba ta da gida, ba ta da takarda, ba ta da miji tun da daɗewa. Wannan buhun da ba a kwancewa shi ne dukiyarta, kuma ta san haka.

Sai filin ya soma canjawa. Doka ta ce ɓaraguzan gini da kayan da suka lalace kamfani mai izini ne zai kwashe, ya kai mardam, babban jujin da ke can bayan gari, a biya a ƙofa. Dokar ba ta da laifi, amma tana da tsada, masu shaguna kuwa ba su ƙi araha ba. Sai su kira Muttaka mai a-kori-kura. Shi kuma ya jira rana ta take, kowa ya shige cikin sanyin ɗaki, ya zo filin ya juye ya ƙara gaba. Fasassun tayil, katifa mai ƙwari, masai da ya rabe biyu, duk ga su nan kusa da shanyar Asiya.

Abin haushin, Muttaka ɗan maƙwabciyarta ne a Nakkasa, ita ta goya shi.

"Kai Muttaka, ba ka tsoron Allah? Nan fa abinci nake shanyawa."

"Ya Inna, ma'alesh, yi haƙuri. Mardam ba'id, da nisa, ga fetur, ga kuɗin ƙofa. In na kai can, me zan kai gida? In baladiyya, hukumar gari, suka kama ni garama ce, tara zan biya, in ban ɗauka ba yunwa ce."

Ta yi tsaki, ta ja kwalayenta gefe. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ran nan ya juye wani kaya daban. Kwali-kwali ne na burodin leda da biskit, daga wani sito da aka yi wa feshin ƙwari da maganin ɓera, maganin ya malale ya jiƙa kayan. An ce wa mai siton ya kai a lalata su ta hanyar da doka ta ce. Ya ji farashi, ya kira Muttaka.

Asiya ba ta san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da ta gani shi ne ni'imar Allah kwance a ƙarƙashin fasasshen masai, ranta ya ɓaci. Uwarta ko ɓarɓashi ta gani a hanya sai ta durƙusa ta ɗauke. Ba zan ce babu murna a ciki ba, don ba ta taɓa samun mai yawa haka a wuri ɗaya ba, amma ko guda ne da ta ɗauka. Ta ji wani ɗan wari, ta ce na motar Muttaka ne. Ta farke ledojin ta shanya, rana ta kore warin, ba ta kore gubar ba. Fumfuna ta sani, leda ta sani, wannan kuwa ido ba ya ganinsa. Ta cika buhuna, Turki ya zo ya jefa a mota kamar kullum.

Da ya dawo, ba ranar zuwansa ba ce. Bai yi dogon gaisuwa ba. Ya sauko da buhunanta, babu komai a ciki, an ninke su tsaf, ya ajiye a gabanta.

"Ya Hajja, fiye da rabin garkena ya tafi, har da masu ciki. Likitan dabbobi ya ce guba ce a abinci. Kwanan nan ban ba su na kowa ba sai naki."

Asiya ta dubi buhunan. Ta san in ya kira 'yan sanda, tambayar farko takarda ce, daga nan sai jirgi zuwa ƙasar da ba ta taɓa gani ba.

"Ba zan kai ƙara ba," in ji shi, "albarkacin uwarki. Amma khalas, cinikinmu ya ƙare."

Washegari ta tare Muttaka ya zo da wani kayan. Ta gaya masa. Ya sunkuyar da kai, ya murza makullin mota a hannu.

"An ce mini masmum ne, mai guba. Na ce in na faɗa miki faɗa za ki yi mini. Wallahi Inna ban zaci za ki ɗauka ba."

"Kai da ka tashi a Nakkasa, ba ka zaci zan ɗauki burodi daga ƙasa ba?"

Ya koma wajen motarsa. Ya juye kayan dai, don an riga an biya shi. Mai sito kuwa yana nan yana ciniki, babu wanda ya ambaci sunansa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Asiya ba ta iya wata sana'a ba. Ta sake tarawa, tana sansana kowane yanki kamar mai neman gafara, ta ɗauki buhu ɗaya ta kai kasuwar dabbobi, inda ba ta taɓa buƙatar zuwa ba. Wani mai tumaki ya ce ta zazzage. Ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo ta zazzage a ƙasa a gaban mutane. Ya bi da sanda, bai sami ko ɗigon fumfuna ba, har ya gyaɗa kai. Sai na kusa da shi ya raɗa masa wani abu. Ya dube ta.

"Ke ce Asiya ta Turki?"

Ta ce ita ce. Ya janye sandarsa ya juya baya. Ta zauna a nan cikin rana tana mayar da burodin buhu ɗaya bayan ɗaya, don ba a barin ni'ima a ƙasa.