Cikin Yaya Aka Rage, Nawa Ya Ƙaru

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da rabin abin da aka koya mana a sakandare, amma jinyar da na yi wa yayata bayan an yi mata aikin rage ciki, wannan ko haƙorana sun zube ba za ta fita daga kaina ba. Har yau in na hango mace ta nufo gidana da kular abinci mai hawa uku, sai na ji gabana ya faɗi.

Lokacin na gama makaranta ke nan, ina zaune a gidanmu nan Daura ina jiran sakamako, ina cika wa kowa kunne. Yaya ita ce babbarmu, ni ce auta. Ƙiba ce ta sa ta a gaba. Ba irin wadda ake cewa mace ta yi kyau ba, irin wadda ta cinye mata gwiwoyi, ta kawo mata hawan jini, ta kai ga sallah ma sai a kan kujera. Wannan kujerar ta fi komai ci mata rai. Ta taɓa ce mini ta manta yadda goshi yake ji in ya taɓa ƙasa. Da magunguna da ganyayyaki suka gaza, mijinta, wanda muke kira Alhaji, ya ɗauke ta zuwa Masar, likitoci suka yanke mafi yawan cikinta suka ɗinke ɗan abin da ya rage.

Da suka dawo aka tura ni gidanta, tunda yaranta duk suna makarantar kwana. Ban ko ajiye jaka ba ta ce in tura ƙofa.

"Auta, bakinki nake tsoro. Duk wanda ya tambaya, aikin ciki aka yi mini. Kar ki ƙara ko kalma ɗaya."

"To ai aikin cikin ne. Mene ne abin ɓoyo?"

"Ke ba ki san mutane ba. Cewa za su yi na raina halittar Allah, ko Alhaji ne ya ce na yi masa yawa."

Na ce to. Ban so ba, amma na ce to.

Dokar likita ba ta da wuya a faɗa: ruwa-ruwa kawai, kurɓi kaɗan-kaɗan, sai ɗinkin ya kama. In ta haɗiyi abu mai tauri, ɗinkin ciki zai iya buɗewa, kuma gyaransa ba a nan kusa ba ne. Ni da ko tuwo ban iya tuƙawa ba gudaji ba, sai ga ni na zama gwanar romo. Nan na koyi cewa kaza sai an feɗe fatar kafin a ɗora. In romon ya dahu a bar shi ya huce sosai, kitsen zai taso sama ya daskare, sai a kwashe da cokali, a tace da ƙyalle mai tsabta. Ba barkono, ba mai, ɗan gishiri da citta kawai. Kunun gyaɗa kuwa tsararo nake yi, a tace, a sake tacewa. In zuba mata a ɗan kofin shan gahawa, ta yi ta kurɓa tana hutawa kamar mai hawan dutse.

Sai 'yan dubiya suka fara zuwa.

A wurinmu ba a zuwa duba mara lafiya hannu sake, kuma ba a tambayar me yake iya ci. An ji an yanka mutum, to ya zubar da jini, sai a mayar masa. Farfesun kayan ciki, dambun shinkafa ya sha mai, waina da miyar taushe, fura da nono damu mai kauri. Kowace ta dire kularta, ta yi addu'a, ta ce, "A daure a ci, gobe zan biyo in karɓi kular." Kuma za ta biyo. Kuma a gabanki za ta buɗe ta leƙa.

Yaya ta ce kula ɗaya kar ta koma da abinci, in ba haka ba za a gane. Zubarwa kuwa ba ma a maganarta, zunubi ne. Na gwada miƙa wa maƙwabta ta kan katanga. Kwano na farko, dambu ne, ashe maƙwabciyar ƙanwar mijin wadda ta dafa ce. Loma ɗaya ta yi ta gane hannun matar wanta. Kafin la'asar magana ta dawo mana cewa an raina girkin mutane. Alhaji kuma da ya ga kuloli sun fara hawa kan juna, sai harkar kasuwancinsa ta Kongolam, can bakin iyakar Nijar, ta yi tsanani, ba ya dawowa sai ya tabbatar ya ƙoshi a can.

Saura wa? Ni.

Sai in shige kicin in zauna a kan turmin da aka kife, in buɗe kula in fara. Da farko daɗi nake ji, ba zan yi ƙarya ba. Wa zai ƙi farfesu da safe? Amma abin da ban hango ba, duk kular da ta koma a wanke, labari take kaiwa: mara lafiya tana ci, masha Allah, har tana suɗe kwano. Mai dambu ta ji an cinye na mai waina, sai ta ƙaro. Mai fura ta canza ƙwarya zuwa babba. Mata suka shiga gasa a kan cikin da ko rabin ƙwai ba ya ɗauka.

Yaya tana ɗaki tana zabgewa, ni ina kicin ina kumbura. Zanena ya daina zagayowa. Wata tsohuwa ta dubi Yaya, ta dube ni, ta sake dubanta, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin ciwon da ake ci haka ana ramewa ba, a nemi malami, don wannan ci ba ita kaɗai take yi ba, akwai mai taya ta a ɓoye. Aljani take nufi. Ina tsaye a gabanta da maiƙo a haɓata.

Na sami Yaya na ce, "Wallahi ki faɗa musu, ko ni ma a fara nema mini biza."

Ta yi dariya tana riƙe da ciki, ta ce in ƙara haƙuri.

Ana haka Gwaggo ta iso daga garin Babban Mutum. Yayar babanmu ce, kuma ita ta riƙe Yaya tun daga yaye har aure, don haka Yaya ba ta iya haɗa ido da ita, balle ta ce mata a'a. Gwaggo ba ta zo da kula ba. Da garin dawa ta zo, da kuka, da daddawa, da kwalbar man shanu. Ta kore ni daga kicin, ta ce risho ba ya tuwo, ta haɗa murhu a tsakar gida. Ta tuƙa tuwon nan da tauri, irin wanda in ka jefi mutum da shi sai an kai ku gaban alƙali.

Na miƙa hannu na ce, "Kawo in kai mata, Gwaggo."

"Da ƙafata zan kai. An ce tana ci tana ramewa, to yau zan ga inda abincin yake bi."

Ta zauna a bakin gado, ta wanke hannu, ta gutsuro loma, ta dulmiya a miya, man shanu yana bin yatsunta.

"Buɗe."

"Gwaggo, yanzu na ci."

"Da hannun nan na ciyar da ke kina majina. Buɗe."

Yaya ta kalle ni. Na kalle ta. Na zaci za ta yi magana. Sai na ga baiwar Allah ta rufe ido ta buɗe baki. Mace mai 'ya'ya, wadda ta je har Masar aka yanka ta, ta zaɓi ɗinkinta ya farke da ta ji kunyar Gwaggo.

Ban san lokacin da na damƙe hannun Gwaggo ba. Lomar tana tsakaninmu tana ɗiga a kan zanen gado.

"Gwaggo, in ta haɗiye wannan sai asibiti. Ba ta da ciki. An yanke, an cire, ɗan abin da ya rage bai kai ayaba ba. Da gangan aka yi, don ta rame. Abincin da aka ce tana ci kuwa, ga shi nan." Na daki cikina.

Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska, tana jiran wa'azi. Gwaggo ta mayar da lomar cikin kwano a hankali, ta suɗe yatsunta, ta ce, "To ina wanda aka cire?"

Na ce, "Wane?"

"Cikin. Ina yake?"

"A can aka baro shi mana."

"An binne?"

Babu wanda ya sani. Ashe duk abin da Yaya take tsoro, ko ɗaya bai dami Gwaggo ba. Abin da ya tayar mata da hankali shi ne an bar wani yanki na 'yarta a ƙasar da ba ta da kowa, ba a san ko an haƙa masa rami ba. Ta sa aka kira Alhaji a waya ya baro Kongolam. Ya durƙusa a tsakar gida yana cire hula yana mayarwa.

"Na ba ka yarinya cikakkiya, ka dawo mini da saura. Ko ragon layya aka ba ka ka kai wa mahauci, ai ka dawo da kayan cikin."

"A gafarce ni, Gwaggo, ban tuna in tambaya ba."

"Ka tuna ka sayo turare ai."

Sai da ya yi alkawarin zai buga wa asibitin waya sannan ta bar shi ya tashi. Ya buga ko bai buga ba, Allah ne masani. Ta juyo kaina da kwanon tuwon, ta ce, "Ke ai naki yana nan. Cinye." Na cinye. Shi ne na ƙarshe.

Washegari Gwaggo ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa. Duk wadda ta yi sallama da kula, kafin ta gama gaisuwa za ta ji: "Koma da shi, an rage mata ciki, romo take sha." Haka kawai, kamar tana faɗin an yi ruwa jiya. An yi surutu, ba a rasa ba. Amma bai kai mako ba ya mutu. Kuloli suka daina zuwa, aka koma kawo kaza da ranta, da kabewa, da nono marar tsami. Kabewar nake dafawa ta yi ligif, in murje ta a rariya in sassauta da romo, da shi Yaya ta fara barin ruwa zalla. Wata ma a cikin masu surutun ta ja ni gefe a zaure ta ce, "Wai a wane gari ne ake yi?"

Bayan wasu watanni na shiga ɗakin Yaya da azahar, na tarar an tura kujerar sallah gefe, an ɗora mata kayan wanki. Yaya tana kan darduma, goshinta a ƙasa. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Na tsaya a bakin ƙofa cikin tsohuwar rigarta, don nawa kayan duk sun yi mini kaɗan.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, in likita ya kafa maka doka a kan abinci, mutanen da suke son ka su ne farkon waɗanda za ka faɗa wa, tun kafin su ɗora tukunya. Surutun da Yaya take gudu bai yi mako ba. Ɓoyon da ta yi kuwa ya kusa farke mata ɗinki, ni kuma sai da na shekara ina sauke shi daga jikina.