Itacen da Verlie Ta Kawo

Shekara talatin Arvo yana gaya wa matarsa Verlie cewa gajeren itacen nan mai suna cinkafin, wanda ta kawo daga kudu, ba zai jure sanyin Minnesota ba. A ransa ita yake nufi, kullum yana jiran ta gudu. Sanyi yakan ƙone rassan sama, amma na ƙasa da dusar ƙanƙara ta rufe sukan rayu.

Da ta rasu, ya sare itacen.

Maƙwabcinsa Toivo ya ce, "Kai tsoho, wahalar banza! Saiwarsa tafiya take a ƙarƙashin ƙasa."

Bara tsiron itacen ya ɓullo a bakin rijiya, bana a gindin matakalar gida. Arvo ya ajiye gatari. Yanzu shi ke lulluɓe tsiron da ƙanƙara, ya bar ƙofa a buɗe kaɗan.