Ƙayar da Muka Ja a Kan Hanya

Ɗazu jikata ta jawo reshen ƙaya za ta toshe garken awaki. Da na ji ƙararshi a kan yashi, sai na aje furata.

Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba, kada ku tambaye ni shekarar da abin ya faru. Abin da na riƙe, damina biyu ke nan bayan fara ta cinye mana gero, haƙorana na gaba ba su gama fitowa ba, garin Dakoro kuwa bai kai Dakoro ta yau ba tukuna.

Mu da ƙauyen gabas rijiya ɗaya muke sha, kuma a bakinta ake faɗan. Su ce kakansu ya gina, mu ce namu. Duk da haka innata ɗiyar can ce. Ƙanenta, kawuna, shi kaɗai ke iya shiga rijiyar nan ya yashe ta. In ya fito, jiki duk laka, sai ya saɓa ni a wuya ya ce, "Ɗiyar abokan gaba, mi kika aje mani?" Har yau in na shaƙi jiƙaƙƙiyar ƙasa, shi nake gani.

Bayan girbi wani mai raƙumi ya kawo labari: kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasarmu, ya fito rangadi da sojojinshi, yana kwasar gero da kaji da majiya ƙarfi don aikin hanya. To, a gindin wani gawo hanya ta rabu biyu, ɗaya tamu, ɗaya tasu. Tsofaffinmu suka ce a ɓatar da tamu. Maza suka kora shanu kan ta gabas don ta yi faɗi, mata da yara muka ja ƙaya kan tamu har sawu ya ɓace. Ni ma na ja, ina dariya, na ɗauka wasa ne.

Inna ta ce wa kakana, "Baba, ko a aika masu su ɓoye?"

Ya ce, "Su da suka yanke mana igiyar guga bara?"

Ba a aika ba.

Dabara ta ci. Kumandan ya bi gabas, mu ko ƙwai ba a ɗauka mana ba. Can aka jera maza a igiya ɗaya, har da kawu. Wasu sun dawo bayan damina. Shi bai dawo ba, kuma ba wanda ya san inda aka binne shi.

Da rani rijiya ta cushe, aka rasa mai shiga. Inna ba ta zagi kowa ba, amma geron shekarar nan ko tsaba ba ta kai bakinta ba. Ita ke daka shi, ta dama mana, ta koma gefe da kwaɗon tafasa.

Yanzu famfo ya shigo, gidajenmu da nasu sun kusa haɗewa, yara ba su ma san an taɓa gaba ba. Cikin mutanen lokacin saura mu biyu: ni da ɗiyar kawu, wadda ke goye ranar da aka tafi da shi. Idonta ya tafi. Duk kaka ina aika mata damin gero, ita kuwa tana ta gaya wa mutane ba ta ga mai zumunci kamata ba.

Ban taɓa gaya mata na ja ƙaya ba.