Tsarabar Lahadi daga Jamus

A benen da muke zaune a unguwar Woolwich ta Landan akwai wata dattijuwa a samanmu da kowa ke kira Hajiya. Mutuniyar Kumasi ce, ’yar zango, kuma Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa “kai” ne a bakinta. Ta yi shekara ashirin tana aikin shara a filin jirgin sama kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ita. Hajiya ba ta dawowa daga ko’ina hannu rabbana. Ko Lewisham ta je ganin likita, sai ta ƙwanƙwasa mana ƙofa da rabin doya ko ɗan ƙullin kuɓewa. Shekara tara ina karɓa da hannu biyu, ban taɓa zuwa wani wurin da zan dawo in ce mata ga taki ba. Abin yana damuna, ko da yake ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Sai ga tafiya ta samu. Maigidana likitan ido ne, kuma mutum ne da ba ya iya ganin tikiti mai araha ya kawar da kai. Wata rana ya shigo yana murmushi ya ce ya yi mana booking zuwa Jamus, kwana huɗu, mu biyu kawai. Na tambayi sunan garin, ya faɗa, na ce ya sake faɗa. Wani ɗan ƙaramin gari ne a bakin kogi, wanda ko abokin aikinsa Bajamushe sai da ya duba taswira. Hajiya ce ta ce a bar mata yaranmu biyu, ta kai su makaranta ta ɗauko. Da na je yi mata sallama ta riƙe hannuna a bakin ƙofa.

“Ka je lafiya,” in ji ta. “Amma ka ji ni da kyau, kar ka kawo mini chocolate na airport. Shekara ashirin ina share gaban shagon nan, na san masu saye. Mutum ya manta da kai har an kira flight, sai ya tuna, ya ruga da gudu. Ko tsinke ne ka kawo, amma na cikin gari.”

Na yi dariya na ce haba Hajiya, ai ni ba haka nake ba. Har da dafa ƙirji.

Mun sauka ranar Alhamis. Garin ya yi kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Gidajen katako ne masu fenti, wasu sun karkace don tsufa, kowace taga da tukunyar fure. Titunan duk dutse aka jera, irin wanda ke cinye dunduniyar takalmi. Maigidana ya zo da takardu a cikin fayil, ya buga jerin abubuwan da za a gani, kowanne da lokacinsa da ɗan akwatin da zai sa maki in mun gama. Ranar Juma’a muka ga tsohuwar gada, muka ga injin niƙa da ruwan kogi ke juyawa, muka tsaya minti arba’in a dandalin gari muna jiran ƙarfe sha biyu, don an ce wasu mutum-mutumi na fitowa daga agogon hasumiya. Suka fito, su biyu, ɗaya ya buga ƙararrawa, suka koma. Na dubi maigidana, ya sa makinsa ba tare da ya dube ni ba. Duk sanda na ce mu leƙa shago sai ya ce, “Uwargida, shaguna ba gudu za su yi ba. Mu gama da list tukuna.”

Zan so in ɗora masa laifin duka, amma gaskiya da nawa a ciki, kuma nawan ya fi girma. Ranar Asabar kasuwa ta ci a dandalin. A rumfar wata mata mai furfura na ga mayafin ulu, saƙar hannu, kore mai duhu, mai kauri. Ina taɓa shi na ga gwiwoyin Hajiya a lulluɓe a ciki. Matar ta nuna mini kuɗin a rubuce. Ni kuwa goyon Kantin Kwari ce, ban taɓa biyan kuɗin farko ba tun da na san kaina. Na yamutsa fuska, na juya mayafin kamar na ga aibi, na taya rabi. Ta yi murmushi ta sake nuna mini takardar. Na ƙara kaɗan. Ta sake nuna takardar. Sai na yi abin da uwata ta koya mini: na ajiye kaya, na juya, na fara tafiya a hankali ina jiran a kira ni. Na yi taku goma, shiru. Na rage sauri, na tsaya gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Da na saci kallo, matar ta ninke mayafin ta mayar, tana cin burodinta.

“Ki koma ki biya mana,” in ji maigidana.

“Malam, bar ni da sana’ata. Gobe da ta gan ni za ta sauko.”

Washegari Lahadi, kuma jirginmu na Litinin ne da sassafe, irin lokacin da masu tikitin araha ke tashi. Na shirya na ce yau ranar tsaraba ce. Muka fito dandali, babu rumfa ko ɗaya, an share wurin tas kamar ba a taɓa cin kasuwa a nan ba. Na ce to, shaguna. Shagon farko a rufe. Na biyu a rufe. Babban kantin da ke bakin tasha ma a rufe, an jere kekunan sayayya an ɗaure su da sarƙa. Da farko na ɗauka rasuwa aka yi wa garin. Mai masaukinmu ce ta yi mana bayani da Turancinta mai kyau, tana mamakin mamakinmu: ranar Lahadi ba a ciniki, haka yake a ƙasar duka. Ni da na taso inda ko ranar Sallah mai shago na buɗe rabin ƙofa, na kuma zauna a Landan inda za ka sayi tukunya ranar Lahadi da yamma, ban taɓa kawo wa raina cewa gari guda zai iya kulle kansa ba. Ta ce gidan burodi na buɗewa da safe. Muka ruga, muka tarar ana jan labule.

Na tuna Hajiya. Matar da ke can tana fama da gwiwa tana raka mini yara makaranta, abu ɗaya ta roƙa, kuma na dafa ƙirji a gabanta. Maigidana ya duba fayil ya ce saura abu ɗaya a jerin, kangon fadar wani basarake a kan dutse, wataƙila akwai shagon ’yan yawon buɗe ido a can. Ban taɓa hawa tudu da sauri irin na ranar ba. Muka ratsa gonakin inabi, ina gaba yana baya yana haki. A sama akwai ganuwa rabi a tsaye, da rijiya mai zurfi da aka rufe da ƙarfe, ga gari can ƙasa da kogin ya zagaye shi. An ce wurin na da kyau, ni rumfa nake nema. Akwai rumfar kuwa, a buɗe. Abin da ake sayarwa giyar inabi ce da naman alade. Na tsaya ina kallon kwalaben, maigidana ya ce, “Ko mu tambaya in suna sayar da empty bottle?” Na harare shi, na juya muka fara gangarowa.

Mun biyo wata hanyar daban, ta bayan dutsen. Itatuwan tuffa ne jere a gefenta, wasu an ɗaura musu ƙyalle ruwan ɗorawa a gindi. Wani tsoho da karensa ya gan ni zaune a kan dutse na zabga tagumi, ya tsaya. Da ɗan Turancinsa da nuni ya fahimtar da mu cewa duk itacen da ke da ƙyallen nan, mai shi ya yafe, kowa ya tsinka. Sharaɗin kawai ba a hawa, ba a karya reshe, abin da hannu ya kai shi ne rabonka. Ya ja karensa ya wuce.

Na ƙasa duk an riga mu. Waɗanda suka rage suna can sama kaɗan da hannun maigidana, shi kuma ba dogo ba ne, ni ma haka. Ya yi tsalle sau biyu, tumbinsa ya dawo da shi. Sai ya dubi gabas ya dubi yamma, ya ga ba kowa, ya zare takardun fayil ɗinsa ya shimfiɗa a kan ciyawa, ya durƙusa a kansu da gwiwa da tafin hannu.

“Ba a ce kar a hau miji ba,” in ji shi. “Cire takalmi, kuma ki yi sauri kafin wani patient ɗina ya ɓullo.”

Shekararmu goma sha bakwai da aure, ban taɓa tsammanin zan taka gadon bayansa ba. Na hau ina dariya ina istigfari, na dafa gindin itacen da hannu ɗaya, ina tsinka da ɗayan ina jefawa cikin mayafina. Shi kuma daga ƙasa yana ta lissafa mini ƙasusuwan bayansa da sunayensu na asibiti. Guda goma sha ɗaya na samu. Ƙanana ne, masu tabo, ɗaya ma tsuntsu ya riga ya ɗanɗana.

A filin jirgi na sake duba su a cikin leda, kunya ta rufe ni. Yaya zan hau bene in miƙa wa dattijuwa tsintuwar gefen hanya, alhali a kasuwar Woolwich ana cika kwano da manya masu sheƙi? Aka kira jirginmu. Na ce wa maigidana ina zuwa, na ruga da gudu, na sayo akwatin cakulan mafi girma, mai zanen gidajen katako a jiki. Na ɓare takardar kuɗin na jefar, na ce a raina ba za ta gane ba.

Mun iso gida wajen azahar, yara na makaranta. Na bar ledar tuffa a kicin na hau sama. Hajiya ta karɓi akwatin, ta juya shi, ta shafa inda na ɓare takardar. Ta ce, “An gode, Allah ya sa albarka,” ta miƙa hannu ta ɗora shi saman firji, inda na ga wasu akwatuna uku irinsa sun yi ƙura. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na zauna a bakin kujera ina amsa gaisuwar hanya, ban iya ɗaga ido ba.

Sai muka ji sallama. Maigidana ne, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan riƙe da ledar.

“Hajiya, ga saƙonki an manta a ƙasa. Bayana bai karye a banza ba.”

Ta buɗe, ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta goge a zaninta ta gatsa. Fuskarta ta tattare don tsami. Ta tauna a hankali, tana duban tabon da ke jikin sauran.

“Wannan ba wanda zai saka shi a shago,” ta ce. “Ba saya kuka yi ba. Wa ya tsinko?”

Na ba ta labari tun daga mayafin ulu har zuwa gadon bayan likita. Da na zo wurin durƙuson sai ta sa ni na maimaita, ta yi dariya har tana share ido da bakin ɗankwali. Ta ce mai mayafin ta yi mini daidai. Sannan ta ɗauko farantin da take fitarwa don baƙi, ta jera tuffa goman da suka rage, har da wadda tsuntsu ya ci, ta ajiye a tsakiyar tebur. Ta dafa kujera ta miƙe, ta sauko da akwatin cakulan daga saman firji ta ɗora mini a cinya.

“Kai wa yara wannan,” in ji ta. “Ni tsarabata ta iso.”