Ranar da Na Goge Malamin Lissafi

A shekarun da ake bin malaman boko har gida ana kashewa, ni ke kula da shafin intanet na wata makarantar kuɗi a Potiskum. Na ɗauka aikin shan inuwa na samu, ashe da sauran rina a kaba.

Wata Alhamis bayan la'asar malamin lissafi ya faɗo ofishina. Dattijo ne mutumin Filato, ya girmi babana, a unguwar Dogo Tebo yake zaune. Ko kujera bai duba ba.

"Ɗana, an ce hotona yana cikin abin nan naku, har da unguwata. Ka cire ni yau."

"Yanzun nan, Baba," na ce, don bakina ya fi hannuna sauri.

Shafin namu ya yi rassa ba iyaka, sashe cikin sashe, kwamiti cikin kwamiti. Na sa masa wata 'yar manhaja mai jera shafuka kamar bishiya, ka taɓa reshe ya buɗe ya fito da 'ya'yansa. Matsalar ita ce mai makarantar ya hana a goge kowa. A wajensa goge sunan mai rai mugun fata ne. Don haka in malami ya sauya muƙami, sai a kwafi shafinsa zuwa sabon wuri, tsohon yana nan daram. Baba kuwa babu kwamitin da bai zauna ba.

Na same shi a Lissafi, na goge. Ga shi a Jarrabawa. Ga shi har a Wasanni, mutumin da ban taɓa ganin ya ɗaga ƙafa da sauri ba. Sabis na zuwa yana ɗaukewa, kowane reshe sai ya gama jan aji kafin ya buɗe. Ni dai ina ta danna reshe bayan reshe. Shi kuma yana kai-komo tsakanin bayana da taga, don masu keke napep sun fara gudun dokar hana fita. Tsoro nake ji sosai. In na tsallake reshe guda wani ya ga fuskar nan, ni na nuna masa hanya. Ban nemi izinin mai makaranta ba, in kora ce ya kore ni da safe.

Na ƙarshen yana can ƙasa, cikin Tsofaffin Ɗalibai: Baba da baƙin gashi, tsakiyar ajin farko da ya yaye. Na kai hannu sai ya dafa kafaɗata. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan likita ce yanzu," ya nuna wata yarinya. Sannan ya janye hannunsa. "Goge."

Na rubuta sunansa a wurin bincike, babu abin da ya fito.

"Baba, ka fita tas."

Na zaci zai yi murna. Hularsa ya ɗauka daga kan tebur.

"Na gode, ɗana. Ƙarfina duka a nan ya ƙare, ga shi yanzu ko zuwa ban taɓa yi ba."