Mala'ika Mai Wushirya

A ƙauyenmu na Gojjam kowa ya san akwai zinariya a bangon cocin Mika'ilu. Wai da Italiyawa suka shigo ƙasa, aka cusa gicciyen zinariya a bangon arewa aka shafe da laka. Ba wanda ya gani, amma kowa kakarsa ta gani.

Kes Wubshet, limamin cocin, shi ya ƙara wa zancen gishiri. Dogo ne, siriri kamar sandar da yake dogarawa wajen ibada, ga rowar magana. Shekara hamsin yana yaɓen cocin da hannunsa, amma in ya iso wani gefe na bangon nan sai ya riƙa shafa a hankali kamar mai wanke wa jariri fuska. Matarsa Tiruwark, wadda haƙoranta suka riga ta zuwa lahira, takan ce da ita ake lallaɓawa haka, da ta haifa masa goma.

Ana nan bangon ya tsage. Aka ɗauko magini Asmare daga birni, ya duba ya ce sai an kankare yaɓen ciki kaf kafin a gyara. Kes bai ce a'a ba. Sai dai kullum Asmare ya ɗaga guduma, ya tarar ranar hutu ce: yau ta Mika'ilu, gobe ta Maryamu, jibi ta wani waliyyin da ko bishop bai taɓa jin sunansa ba. Asmare ya yi wata guda yana cin injera, gurasarmu ta gargajiya, har ya yi kumatu. Mutane kuwa suka fara ƙus-ƙus cewa tsoho so yake ya ci dukiyar shi kaɗai.

Da hadari ya fara haɗuwa, Tiruwark ta ajiye wa Kes kofi ta ce ko me ya ɓoye, bai kai rufin da zai faɗo kan 'ya'yan mutane ba. Washegari ya ce shi zai kankare da kansa.

Ran nan coci ya cika, har da waɗanda rabonsu da shi tun ranar da aka yi musu baftisma. Kes ya sa wuƙa. Laka ta zube, sai ga fiffike, sai ga fuska. Zanen mala'ika ne, amma yana murmushi da wushirya, ga zanen shuɗi layi uku a wuyansa irin na 'yan matan da. Tsofaffin mata suka dubi wuyan, suka juya suka dubi wuyan Tiruwark, sannan dariya ta ɓarke.

Ashe Kes ne ya yi shi, yana saurayi yana koyon zane. Limamin lokacin ya ce ya kankare abin kunyar nan, shi kuwa ya lulluɓe da laka.

Tiruwark ta matso ta ƙura ido. "Kes, shekara hamsin ka binne ni a bango, amma ko sau ɗaya ba ka ce ina da kyau ba."

"Na faɗa," in ji shi. "Aka ce in shafe."

Asmare ya tokare bangon ta waje, bai taɓa zanen ba. Masu jiran zinariya suka koma gida suna tsaki. Tiruwark kuwa yanzu ita ke fara zuwa coci, ta tsaya tana gaya wa duk wanda ya shigo cewa hancin bai yi daidai ba, nata ya fi tsawo.